Rubutun da Na Yi Bayan Takaba

An haife ni a Agege da ke jihar Legas, kuma a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya baro ƙasar Kano yana saurayi ya biyo fataucin goro, kamar yadda Hausawa da yawa suka yi bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, ya sauka a Zango, ya yi aure, bai sake komawa gida da zama ba har Allah Ya karɓi ransa. Na fara da wannan ne domin yawancin masu karanta rubutuna sun ɗauka daga Kano ko Kaduna nake turo musu shi, kuma idan na gaya musu cewa ni Arewa ba na zuwa sai biki ko gaisuwar mutuwa, sai su tambaye ni a ina na koyi Hausar da nake rubutu da ita.

A makarantar bokon da na yi, Turanci da Yarbanci ake koyarwa, a Islamiyya kuma Larabci. Hausa ta gida ce, ta baka, ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake rubuta ta. Gidanmu irin gidajen hayar nan ne na Legas masu ɗakuna a jere suna kallon juna, da dogon lungu a tsakiya da banɗaki ɗaya a baya, Bahaushe da Bayarabe da Ibo kowa da rishonsa a ƙofar ɗaki. Ina aji biyar na firamare aka kawo wa wani maƙwabcinmu amarya daga Kano, kuma a cikin kayanta har da kwali guda cike da littattafan hikaya, irin waɗanda ake kira adabin kasuwar Kano, masu siraran takardu da zanen saurayi da budurwa a bango. Kaɗaici ya dame ta, ba ta jin Yarbanci, ba ta san kowa ba, ni kuwa ga ni da rawar kai, sai ta jawo ni jikinta ta koya mini haruffa masu lanƙwasa da yadda ake haɗa su.

Kafin shekara ta zagayo na zama mai karatun gidan. Bayan sallar isha'i, idan an ɗauke wuta, mata sukan fito lungu saboda zafi. Inna takan shimfiɗa buhu tana tsince goron da Baba zai ɗaure washegari, tana ware fari daga ja, tana jefar da mai sankara a wani kwano, tana jera mai kyau a cikin ganye, ni kuma ina gefen fitilar ƙwai ina karantawa. A wurin na fara lura da wani abu da har yau nake aiki da shi. Idan labari ya kama, hannun Inna yakan tsaya cak da goro a cikinsa, ba ta ma sani ba. Idan kuwa marubucin ya shiga dogon surutu, sai hannun ya koma aiki, wata ta fara hamma, wata ta tuna ta bar yaro a ɗaki. Ban san komai game da nazarin adabi ba, amma na san shafin da ke tsayar da hannu da wanda ba ya tsayarwa.

Abu na farko da na rubuta da kaina wasiƙa ce. Ranar Lahadi 27 ga Janairu, 2002, ma'ajiyar makamai ta barikin sojoji da ke Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi tun da yamma har cikin dare. Agege ba ta da nisa da Ikeja, saboda haka kwanon rufinmu rawa ya riƙa yi, mutane suna gudu ba su san inda suka dosa ba, wannan na cewa juyin mulki ne, wancan na cewa yaƙi ne ya zo. Mutum fiye da dubu suka rasu, akasarinsu a magudanar ruwa ta Oke-Afa inda suka auka cikin ruɗewa. Ba a share hawayen wannan ba, a farkon Fabrairu rikici ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarbawa. Wayar salula sabuwa ce a lokacin, sai hannun masu hali, danginmu na Kano kuwa abin da rediyo ya faɗa kaɗai suke da shi. Baba ya kira ni ya ce, "'Yar boko, ɗauko takarda ki rubuta wa Gwaggo cewa muna nan lafiya, kada hankalinsu ya tashi." Abin da ya faɗa mini bai wuce layi uku ba, amma da na zauna sai na kasa tsayawa. Na rubuta yadda muka kwana a masallaci, da yadda wata Bayarabiya maƙwabciyarmu ta goya ƙanena ta bar nata ɗan yana tafiya da ƙafa saboda ya fi shi girma, da yadda Baba ya koma gida cikin wannan tashin hankali don ya rufe huhunan goronsa kada raɓa ta taɓa su. Aka ba wani direban babbar mota ya tafi da ita.

Bayan wasu watanni wani ɗan'uwanmu ya zo daga Kano ya ce wasiƙar nan gida-gida aka riƙa yawo da ita ana karantawa, har masu 'ya'ya a Legas waɗanda ba su haɗa komai da mu ba suna zuwa a karanta musu. A daren ban yi barci ba don murna, kuma a daren na ƙudurta zan zama marubuciya. Sai dai abin da nake hange a lokacin ba irin wannan wasiƙar ba ne. Sunana nake so in gani a bangon littafi, a ce wata yarinya a wani gida ta riƙe shi kusa da fitila tana karanta wa iyayenta mata.

Da na gama sakandare aka yi mini aure da wani mutumin ƙasar Sakkwato mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, muka tare a Ketu. Mutum ne mai sanyin hali, karatun bokonsa bai yi nisa ba, amma yakan lissafa kuɗin buhu ɗari a ka kafin yaronsa ya gama latsa waya. Tun kafin asuba yake fita saboda motocin Arewa da dare suke shigowa, don haka safiyata tawa ce. Da ya gane abin da nake yi, bai hana ni ba, bai kuma yi mini dariya ba. Dozin-dozin yake sayo mini littattafan rubutu na 'yan makaranta, kuma tun daga nan ya laƙaba mini Malama, sunan da bai daina kira na da shi ba. Tsakanin ciki da goyo na kammala littafina na farko, labarin 'yar wani attajiri a unguwar masu kuɗi ta Kano, mai falo uku da direba da mai aiki. Ban taɓa taka irin wannan gida ba. Daga littattafan da na karanta na kwaso shi, har da launin labulensa.

Na haɗa kwasar adashina da kuɗin 'yan kunnen gwal na aurena na aika wa wata maɗaba'a a Kano ta hannun wani ɗan'uwa. Da littafin ya fito, akwai kurakurai a kusan kowane shafi, wani babi ma ya riga na gabansa. Masu sayar da littattafai kuma ba sa biya sai sun sayar, sayarwar kuwa ta ja baya, domin a shekarun nan waya ta riga ta shiga hannun 'yan mata, kasuwar littafin takarda tana mutuwa ni ina Ketu ban da labari. Abin da ya dawo hannuna na kuɗi bai kai na ɗan kunne ɗaya ba. Kason da aka aiko mini Legas na tura ƙarƙashin gado, damina ta zo, ruwa ya shigo ɗaki kamar yadda ya saba a unguwarmu, kwalayen suka jiƙe, shafuka suka manne da juna suka yi baƙin fumfuna. Waɗanda suka tsira na ba wata mai ƙosai a bakin layinmu, don ba ni da wurin ajiye su. Wata safiya babbar 'yata ta shigo da ƙosai a naɗe, na warware na ga jarumata tana saukowa daga matattakalar bene, maiƙo ya ratsa rabin shafin. Na ci ƙosan, na shiga ɗaki na yi kukana, na daina rubutu na tsawon lokaci.

Yunwa ce ta dawo da ni. A watan Maris na 2016 aka yi rikici a yankin Mile 12, gwamnati ta rufe kasuwar na wani lokaci. Albasa tana da haƙuri fiye da tumatir, amma haƙurinta yana da iyaka a zafin Legas, kuma kayan da maigidana ya karɓo bashi ne daga manoma. Ya fito daga wannan rufewa da bashi a wuyansa. A shekarar ce kuma sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla, sai zancen rubutu ya cika wayoyin mata, zaurukan marubuta suka yi ta buɗewa a WhatsApp da Facebook. Wata ƙawata ta jefa ni cikin ɗaya daga ciki, na ga yadda ake yi: marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba sai ta tsaya, mai son ci gaba ya turo katin waya ko kuɗi ta banki a sa shi a zaure na musamman, inda za a riƙa ba shi shafi kullum. Babu maɗaba'a, babu dillali, babu kwalin da ruwa zai jiƙa.

Na shiga da ƙarfina, kuma Allah Ya ba ni kasuwa. Na koyi inda ake yanke shafi don mutum ya kwana da tunaninsa, na koyi cewa kishiya da uwar miji da attajiri mai taurin kai ba sa kwantai. Da kuɗin nan na biya kuɗin makarantar yara, na taimaka aka rage bashin albasa, har maigidana ya sayi babura biyu ya ba wasu samari suna kawo balas. Ba na cikin masu cewa marubucin gaskiya ba ya neman kuɗi da alƙalaminsa. Na lura masu yawan faɗin haka galibi suna da albashi a ƙarshen wata. Neman halal ne, kuma matan da ke yin sa da goyo a baya, suna taifin da babban yatsa a kan wayar da gilashinta ya tsage, sun fi ƙarfin a raina su. Amma sana'ar tana da abin da take yi wa mai ita. Labarin da ya kamata ya ƙare a shafi hamsin sai a ja shi zuwa ɗari da hamsin, domin ranar da ya ƙare ranar ce kuɗi ke tsayawa. Masu karatu su ne ke tuƙi: idan suka tsani wata a labarin, dole a wulaƙanta ta ko da ba haka marubuciya ta tsara ba. Ga kuma ɓarayin zaune, waɗanda za su biya sau ɗaya su kwafe littafin su watsa a zauruka goma, wani ya cire sunanki ya sa nasa, wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗi ko sallama bai yi miki ba. Na jarraba sa'ata a gasanni daban-daban, sunana bai taɓa fitowa ba, amma a zaurukana ana kira na Hajiya, ana yi mini kirari, kuma na ɗauka wannan ita ce nasarar da ake faɗa.

A ƙarshen 2019 ƙafafun maigidana suka fara kumbura. Ya ce tsayuwar kasuwa ce, ya sha jiƙe-jiƙe, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a rumfa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya daɗe yana cin sa a ɓoye har ya lalata ƙodojinsa, kuma babu abin da zai riƙe shi sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako. Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, dokar hana acaba a manyan sassan Legas ta fara aiki, balas ɗin babura ya ragu har ya tsaya, muka sayar da su a wulaƙance. Ranar 30 ga Maris aka rufe Legas saboda korona. Ranakun wanki nakan riƙe takardun asibiti a hannu ina nunawa a kowane shinge, shi kuma yana kwance a bayan motar wani abokinsa, numfashinsa yana fita da ƙyar, titin da ake shafe awa biyu a cunkoso ya zama fayau ba kowa.

Wanki ɗaya yakan ɗauki kimanin awa huɗu. Nakan zauna kusa da shi in ga jininsa yana fita ta wata roba, ya shiga na'ura ya zagaya, ya dawo ta wata, ni kuma kaina a sunkuye ina taifin, domin shafin ranar shi ne kuɗin wanki na gaba. A wannan kujera na rubuta liyafar da aka yi a wani otal a Abuja, da amaryar da aka yi wa lefe da akwati ashirin da huɗu. Idan na makara saƙonni su yi ta shigowa: "Hajiya, yau shiru?" "Mun fa biya kuɗinmu." Ban gaya musu halin da nake ciki ba, don ina tsoron su ce na fara kawo uzuri. Wata rana ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Malama, yau kuma wa ake aurarwa?" Na ce ɗan wani minista ne. Ya yi murmushi ya ce, "Kullum ministoci. Mu masu albasa ba mu isa shiga littafi ba ke nan?" Na ce masa wa zai biya kuɗi ya karanta labarin albasa, muka yi dariya tare, na ci gaba da abin da nake yi.

Ya rasu bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki. Hanyoyin tsakanin jihohi suna rufe a lokacin, ko mutum ɗaya daga danginsa bai samu zuwa ba. Abokan kasuwancinsa ne suka yi masa wanka, suka haɗa kuɗin likkafani da na mota, suka kai shi maƙabarta a Agege. Mahaifiyarsa ta waya aka gaya mata, ta waya kuma ta yi mini gaisuwa, tana tambayata ko an samu mutane a jana'izar, ko an fuskantar da shi alƙibla daidai, tambayoyin da a lokacin na ji kamar ba su da kan gado.

Na koma ɗakin Inna a Agege na yi takaba, wata huɗu da kwana goma. Ban rubuta ko harafi ba. Littafin ɗan minista ya tsaya a tsakiya. Na sanar da rasuwar, na mayar wa waɗanda na iya kuɗinsu, da yawa suka ce sun yafe amma in ƙarasa idan na samu sarari, wasu kuma suka zage ni suka fita. Abin da ya fi damuna a kwanakin nan ba zagin ba ne. Nakan ɗauki wayar in duba dubban shafukan da na rubuta a shekara huɗu, in nemi wuri ɗaya da mutumin nan ya bar sawu, ko rumfarsa, ko warin albasar da ke bin rigarsa har bayan wanki, in rasa. Na cika duniya da mutanen da ban taɓa gani ba, wanda na yi shekaru ina kwana ina tashi da shi kuwa babu shi a ko'ina.

Da aka buɗe hanya yayansa ya zo. Bayan gaisuwa ya ce in tattara yara mu tafi gida idan na fita takaba, ya ƙara da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na ce, "Yaya, ina jin maganarka, kuma 'ya'yanku ne, ba mai raba ku da su. Amma ni nan aka binne cibiyata, nan kabarin kakana yake, ga shi yanzu na ƙaninka ma nan yake. Idan na bi ka, ni ce zan bar gida." Maganar ba ta yi masa daɗi ba, kuma na fahimce shi, domin a idonsa Legas wurin neman kuɗi ne da ake zuwa a koma, ba wurin da mace za ta zauna da marayu ba. An kai ruwa rana, sai da kawunnaina da limamin unguwa suka sa baki, aka tsaya a kan yara za su riƙa zuwa hutu. Na daɗe ina juya wannan shawara a raina da dare, ina tsoron kada son zuciya ne ya sa na raba marayu da dangin ubansu, kuma har yau idan ƙaramin ya dawo daga hutu yana ba ni labarin gonar kakansa, tsoron yakan motsa.

A cikin masu zuwa gaisuwa akwai tsohuwar malamarmu ta Islamiyya. Na gaya mata ina jin kamar in rubuta abin da ya same ni, amma ina gudun kada ya zama rashin tawakkali, ko tonon asirin mamaci. Ta ce, "'Yar nan, Nana Asma'u 'yar Shehu ta fi ki sanin tawakkali, kuma marsiyya ta yi ta rubutawa." Ta ba ni labarin yadda Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma ta riƙa tura waƙoƙinta ƙauyuka ta hannun jajis, wato matan da ta koyar suna zagayawa suna karantarwa, don su isa ga matan da ba za su iya zuwa wurinta ba. Na san sunanta tun ina yarinya, amma ban taɓa tunaninta a matsayin matar da ta yi rashi ta ɗauki alƙalami ba.

Da biro na fara, a cikin ragowar littattafan da ya sayo mini. Da na zauna sai na tarar ban san rayuwarsa ba yadda nake zato. Abin da na sani shi ne fitarsa da dawowarsa. Bayan na fita takaba na sa ƙanena ya raka ni Mile 12 da asuba. Na ga motocin da suka taso daga Aliero da sauran garuruwan albasa suna jere, direbobi na barci a ƙarƙashinsu bayan kwanaki a hanya. Na ga 'yan dako, wasu ba su fi babbar 'yata shekaru ba, suna sauke buhun da ya fi su nauyi a kan katakon da aka jingina da mota. Na ga yadda dillali ke soka hannu cikin buhu har gwiwar hannu ya zaro ta tsakiya, don ta sama kullum mai kyau ce. Na ji yadda farashi ke faɗuwa a cikin awa ɗaya idan motoci suka yi yawa. Abokansa suka ba ni labarin asusun da suke tarawa saboda ranar da wani zai mutu a nan ba shi da kowa, da yadda ake laluben wayar mamaci a nemo lambar da aka rubuta wa Inna ko Gida, da yadda ake jefa wa juna nauyin wanda zai kira. A nan na gane tambayoyin surukata.

Littafin ya ci mini fiye da shekara, ni da na saba gama littafi a wata biyu. Kowane babi sai na karanta wa Inna, ko da yake yanzu ba goro a gabanta sai carbi, kuma inda na ga ta ci gaba da ja ba ta tsaya ba, nakan koma in rage. Na ba wani malamin Hausa a Arewa ya duba mini, ya dawo da shi ja-wur da gyara. Na karɓi gyaransa na ƙa'idar rubutu da na tsarin babi baki ɗaya, kuma littafin ya ƙaru da shi ƙwarai. Inda muka saɓa shi ne bakin mutanen cikin labarin, domin ya so a wanke Hausarsu ta koma ta Kano, ni kuwa na ce ɗan Agege da ya tashi yana cin amala yana hawa danfo ba haka yake magana ba, kuma idan na gyara masa harshe na kore shi daga littafin ke nan. Ya yi shiru kwana biyu, sannan ya ce in bar su yadda suke.

Da na sake shi a 2022, waɗanda suka biya ba su kai rabin na da ba. Wasu suka ce babu soyayya, wasu suka ce sun zo hutawa ne ba kuka ba, kuma ban ga laifinsu ba. An sace shi kamar sauran, sai dai a wannan karon satar ta kai shi inda ni ba zan iya kai shi ba. Saƙonnin murya suka fara shigowa daga mutanen da ba su taɓa shiga zauren marubuta ba: masu acaba, da masu gadi a Lekki, da 'yan dako a Alaba Rago waɗanda wani yaro ke karanta musu da dare a waya. Wani ya ce in gyara, ba haka ake ɗaure buhu ba, na kuwa gyara. Wata mata ta kira ni daga wani ƙauye a Zamfara, ta ce mijinta ya tafi ci-rani Legas ya rasu a can shekarun baya, waya kawai aka yi mata, kuma tun daga ranar take mafarkin an jefar da shi a wani rami ba wanka ba salla. Ta ce, "Baiwar Allah, da aka karanta mini wurin jana'izar nan, sai na ji hankalina ya kwanta, na san 'yan'uwansa sun yi masa sutura." Ban iya ce mata komai ba sai addu'a.

Yanzu ƙananan marubuta sukan tambaye ni sirrin nasara, kuma nakan rasa ta inda zan fara, domin abin da na gani shi ne masu tarin mabiya daban, masu cin gasa daban, masu samun kuɗi daban, da wuya mutum ɗaya ya haɗa ukun, kuma akwai wanda bai samu ko ɗaya ba alhali ya fi su duka iya rubutu. Ɗorewar aiki kuwa ba a hannun mai shi take ba. Duk ranar da na bi ta dandalin Tafawa Ɓalewa a tsibirin Legas nakan tuna cewa mutumin nan, tun yana malamin makaranta, ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a gasar da aka shirya a Zariya a 1933, kuma ana karanta shi har yau, shekaru da dama bayan an kashe shi a 1966; ba na jin ya san haka ranar da yake rubutawa. Abin da ke hannun marubuci bai wuce ya karanta na wasu da yawa ba, ya gama abin da ya fara, ya jure jan biron mai gyara, ya kuma tashi ya je ya ga abin da zai rubuta da idonsa. Nakan ƙara musu da shawarar da ba sa son ji, wato su nemi wata sana'a ko da ƙarama ce, domin marubucin da abincin darensa ke rataye da shafin yau ba shi da ikon cewa a'a ga mai karatu. Sannan nakan tambaye su abin da za su ci gaba da rubutawa idan aka wayi gari ba mai yabo ba mai biya. Son suna ya kai ni maɗaba'a, ya bar ni ranar ƙosai. Neman kuɗi ya riƙe ni shekara huɗu, kuma na gode masa, amma bai iya sa ni ɗaga biro a cikin takaba ba.

Yau ina zaune a Agege da yarana. Abokan marigayi suna aiko mini albasa a farashin sari ina sayarwa a ƙofar gida, da yamma ina koyarwa a Islamiyya, kuma sai bara na gama biyan bashin asibiti. Ban daina rubuta soyayya ba, don ina son ta kuma tana kawo kuɗi, sai dai masoyan nawa yanzu a Oshodi suke haɗuwa, kuma ruwa yana shiga ɗakinsu da damina. Unguwarmu tana sauya kama da sauri tun da aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021 aka kuma gyara layin dogo, tsofaffin da suka san yadda Zango yake a da suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa duk Juma'a nake zuwa wurin wata tsohuwa in kunna waya in bar ta ta yi ta magana, babbar 'yata kuma ta juye mini a rubuce.

Saura littafin ɗan minista. Akwai matan da suka biya kuɗinsu tun 2020 suka ce sun yafe amma in ƙarasa, kuma wasunsu har yanzu sukan tuna mini cikin ladabi duk bayan Sallah. Na yanke shawarar zan gama shi in ba su kyauta, domin amana ce. A watan jiya na buɗe shi don in ci gaba daga inda na tsaya, na tarar na manta dalilin da ya sa amaryar ta gudu daga gidan, dole na koma shafin farko ina bi a hankali ina rubuta sunayen mutanen a gefe.